Mal-sun da Gadin Daddawa

Shekara hamsin da biyu muna katanga ɗaya da Pyo Mal-sun a ƙauyenmu na bayan Jeongseon, ban taɓa ganin ta yini a ɗaki ba sai bara. Mace ce mai ƙafar yawo. Tun tana amarya take hura murhun da hayaƙinsa ke bi ta ƙarƙashin daɓe. Duk hunturu sai ta rufe dafaffen waken soya da bargo a kusurwar da ta fi zafi, kwana uku ya zama daddawa.

Da ta zame a ƙanƙara garin ɗauko itace, ɗanta Dong-cheol ya taso daga Seoul, ya sa aka toshe murhun, aka shimfiɗa wayoyin lantarki a ƙarƙashin daɓen. Ya liƙa wata 'yar na'ura a bango, ya haɗa ta da wayarsa. Da rana in ta ga motsin mutum daɓe ya yi ɗumi, in ba kowa ta kashe.

"Umma, ba abin da za ki taɓa," in ji shi. "Amma ranar da na ga kin gaza, sai Seoul."

"Gidanka na bene, hawa na sha tara? Ce maka aka yi ni tsuntsuwa ce?"

Ta rufe wakenta ta tafi kasuwa. Ta dawo ta tarar da daɓe sanyi ƙalau, wake ya lalace. Na ce ta kira shi ya gyara mana.

"In kira wa? Shi da ya ce warin daddawa ke hana matarsa zuwa? Ai na yi masa alkawari na daina."

To ka ji tarko. Ta sake dafawa, ta zauna gadi. Tukunya huɗu a jere, don rabin ƙauye a hannunta yake ci. Na je kiranta mu tafi karta a zauren tsofaffi, na same ta tana ɗaga wa bango hannu kamar mai gaida suruki, don na'urar ta ga motsi.

"Yaya, taso mu je."

"In na fita wake ya mutu. Ƙafata ƙaiƙayi take, amma ina zan je?"

Na yi dariya, amma raina ya ɓaci.

Ranar Asabar sai ga motar Dong-cheol.

"Umma, kwana goma sha biyu na'ura ba ta ga kin fita ba. Ƙafar ce?"

Ta ga ba mafita, ta yaye bargon, ta faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan. Ya dubi waken, ya dubi uwarsa, sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Inna, tun yaushe ta fara irin wannan ruɗewar?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Kai kawai yake gyaɗawa, yana naɗe kayanta.

Ni ta bar wa tukunya ta huɗu, saura kwana ɗaya ta nuna. Da motar ta tashi da ita na koma ɗakin na zauna, ina ɗaga wa bango hannu.