Lodin Jaki a Tsakiyar Kwara

Ana sallame sallar asuba muka bar Kebbe a kan babura, mu huɗu: ni, da ƙanwar maigidana wadda take koyarwa a firamare, da mata biyu 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci. Su kallon bikin ruwa ya kai su Yawuri. Ni kuwa da tawa damuwar na tafi.

'Yar farina ta gama karatun aikin lafiya, an tura ta wani ƙauye a tsallaken kogin Kwara, inda ba a zuwa sai a jirgin ruwa. Cikin mako guda za ta kama aiki, in ba haka ba a ba wata gurbin. Maigida ya ce shi ba zai hana ba, ba zai kuma sa ba, ya bar mini maganar. Ni kuma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, abin da na sani game da jirgi shi ne labarin kifewarsa a rediyo. Sai na ce ba zan ce e ko a'a a kan abin da ban gani ba. Bari in je in shiga da ƙafata.

Hanyar Kebbe kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Kafin mu kai Tambuwal ƙuguna ya gaya mini shekaruna. Can muka sami mota. Kuɗinta ya kusa ninka na bara, direba ya ce mu tambayi masu gidan mai. A Jega muka karya da masa mai zafi, muka wuce Koko, hantsi ya ɗaga sosai muka shiga Yawuri. Tun daga tasha ƙamshin soyayyen kifi da warin albasa ke gaya maka inda ka zo.

Bakin ruwa ya cika maƙil. Ga makaɗa, ga 'yan tseren kwale-kwale sun ɗaure kawunansu da jan ƙyalle. Amma idona bai tsaya ko'ina ba sai kan wani tsohon jirgi. Na katako ne, baƙi wuluk don tsufa, tsawonsa ya fi zaurenmu da tsakar gida a haɗe. A tsakiyarsa an kafa itace dogo kamar giginya, an rataya masa manyan zannuwa masu kauri waɗanda iska ke turawa. Ba shi da inji. Aka ce tun zamanin kakanni yake dakon gishiri da albasa, yanzu ya huta, sai ranar biki ake fito da shi a zaga da baƙi.

Mai jirgin dattijo ne siriri, muryarsa ba ta da ƙarfi amma ba a musa masa. Yana tsaye a bakin katakon shiga yana miƙa wa kowa rigar ruwa, wata 'yar shara mai launin ruwan lemo da ke hana mutum nitsewa. Ƙanwar maigidana ta ce ita ba za ta ɗora wannan abu a kan sabon hijabinta ba.

"To Malama, ki tsaya nan ki tsare mana takalma," in ji shi.

Ta saka. Da wurin zama ya cika, wani mai babbar riga ya iso da mutanensa biyar, yana cewa a matsa musu. Dattijon ya ce jirgi ya ɗauki abin da zai iya. Aka yi ta faɗa masa ko wane ne mutumin, shi kuwa ya janye katakonsa. Wannan na riƙe shi a zuciyata.

Da aka saki zannuwan, iska ta cika su, sai muka fara tafiya ba ƙara ba hayaƙi, sai kukan katako da na igiya. Na rufe ido na karanta abin da na iya. Da na buɗe, gari ya koma baya, ruwa ya shimfiɗu ko'ina, farin tsuntsu na bin mu. Tsoron bai tafi ba, amma ya zauna wuri ɗaya ya bar ni in yi kallo.

Yanzu ga inda muka nuna halinmu na mutanen tudu. Rana ta take, zanen jirgin kuma ya yi inuwa a gefe guda. Mu a wurinmu, in inuwar bishiya ta gusa, tabarma kake ja ka bi ta, ba wanda zai tambaye ka. Da jirgin ya juya, inuwa ta koma hagu, sai 'yan ajinmu suka kwashi jakunkuna suka bi ta. Wasu matan da suka zo daga wajen Jabo suka mara musu baya, maza ma suka taso. Sai na ji katakon da nake zaune a kai yana ɗagawa, ruwa ya matso kusa da bakin jirgin ta hagu. Aka fara salati. Masu jan igiya suna ta ihu a koma dama, amma wanda ya tsorata, inda jama'a take can yake ƙara matsawa.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko 'ya'yana sun sani. Amma na yi shekaru ina ɗora wa jakin mahaifina mangala zuwa gona, na san abin da ke faruwa in ɓari ɗaya ya fi nauyi. Na kama hannun ta kusa da ni na ce, "Yaya, in kin loda wa jaki dawa a gefe guda, ina kayan za su?"

Ta ce, "Ƙasa."

"To jaki muke kai. Ke da ke, ku dawo nan. Ke mai goyo, zauna inda kike."

Maganar jaki ta fi ihun shiga kunnensu, don kowa a cikinsu ya taɓa ganin mangala ta zame. Ɗaya bayan ɗaya suka rabu biyu, jirgi ya daidaita. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba a taɓa zaunar da ita a rana da hujja mai kyau irin wannan ba, aka yi dariya.

Da muka juyo, dattijon ya zo ya tsuguna kusa da ni. "Inna, a wane ruwa kika koyi lodi?"

"A gonar dawa, Baba."

Na gaya masa zancen yarinyar. Bai ce mini babu haɗari ba, da ya faɗi haka ma da ban yarda da shi ba. Ya ce ta riƙa duban bakin jirgi kafin ta shiga, in ya kusa shan ruwa ta jira na gaba, ko za ta makara. Kada ta hau bayan la'asar in hadari ya haɗo. Rigar nan kuma kada ta jira a ba ta, ta mallaki tata.

Mun sauka lafiya, muka ci kifi da yaji har ƙanwar maigidana ta manta da hijabinta da ya yamutse. Su suka sayi albasa da busasshen kifi na tsaraba. Ni na bi kwatancen dattijon zuwa wata rumfa, na sa aka zaɓo mini rigar ruwa mai ƙarfin ɗinki, na ja igiyoyinta da hannuna na tabbatar. Muka kwana gidan wata 'yar uwa, da safe muka kamo hanya, kafin la'asar muna Kebbe.

Abin da na koyo, ruwa yana da ƙa'idarsa kamar yadda hanya da gona suke da tasu, kuma mai hankalin da ya iya lodin jaki zai iya kiyaye ta. Sauran na Allah ne, a tudu ma haka yake.

Kun san 'yar fari, ba a zama a yi doguwar magana da ita, ko sunanta ba na kamawa. Na tarar tana tankaɗe a tsakar gida, ta yi mini sannu da zuwa ba ta ɗago ba. Na wuce ɗakinta, na ɗora rigar a kan akwatinta, na fito na ce wa maigida, yadda za ta ji, "Malam, a nemo mai babur na ranar Asabar. Da kaya zai tafi."

Sai na ji rariya ta tsaya.