Wayar Maccido da Shanun Jaɓɓo

Maccido ya zauna a ajina shekara uku, kuma tun a lokacin ba ya ƙaunar wani ya riga shi sanin abu. Da ya girma ya taɓa dillancin albasa ya watsar, ya sayar da tayoyi a bakin iyaka ya watsar. Daga ƙarshe ya zama sakataren wata ƙungiyar makiyaya a nan Illela, alhali ko akuya bai taɓa mallaka ba.

Kafin zuwansa, makiyaya suna da tsarinsu. Duk wanda ya ga alamar cuta a mashaya, wajibi ne ya gaya wa mutum ukun da ya fara haɗuwa da su, su ma kowannensu ya gaya wa uku. Idan mutum biyu a jere suka ce maka sun riga sun ji, ka sauke nauyi. Ta haka labari kan tashi daga Tozai da hantsi, ya isa Garu kafin la'asar.

Maccido ya kira wannan ƙauyanci. Ya kafa doka cewa kowane labari a wayarsa zai sauka, shi zai tantance, shi zai rarraba. Wanda ya riga shi magana kuwa, za a cire sunansa daga jerin masu samun rigakafin shanu.

Shahida, 'yar ƙanwarsa da ke aikin kula da kwamfutoci a Sakkwato, ta ja kunnensa a gabana.

"Kawu, ai injinanmu ma tsarin makiyayan nan suke bi. Kowanne ya faɗa wa maƙwabta kaɗan, su kuma su miƙa gaba. Ko ɗaya ya tsaya, saƙo yana tafiya. Kai in wayarka ta mutu fa?"

"Ke mi kika sani, 'yar boko? Ni zan koya wa inji aiki, ba shi zai koya mini ba."

Wata ranar kasuwa, wani makiyayi mai suna Zakari ya ga shanu suna dalala suna ɗingishi a bakin tafkin Kalmalo. Ya kira sakatare sau bakwai. Wayar tana shagon mai caji, mai ita yana gidan suna yana cin tuwo. Zakari ya haɗu da makiyaya fiye da goma a hanya, ya gaishe su, ya kame bakinsa saboda doka.

Washegari Jaɓɓo, dattijon da ba shi da komai a duniya sai shanu goma sha takwas, ya kai su wannan mashayar. Sanarwar sakatare ta fito bayan kwana biyu, da cikakken sunansa da muƙaminsa a sama. Maruƙan Jaɓɓo biyar suka mutu, nonon gidansa ya ƙafe.

Jaɓɓo ya sami Maccido a kan bencinsa.

"Sakatare, na zo da labari, tunda kai ake fara gaya wa. Maruƙana sun mutu. Ka tantance."

Maccido ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Ba a yi taro ba, ba a tsige shi ba. Makiyaya dai sun koma gaya wa mutum uku-uku. Har yau Maccido ne sakatare, wayarsa cike da caji, kuma shi ne na ƙarshen jin komai.