Na Ce Musu Su Ƙara Bincike

Edita, sallama gare ku da masu karatu. In kun ga ya dace ku saka wannan a shafinku, amma kada ku nemi sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Aure na taɓa kashewa, auren wata yarinya, kuma na yi ne don kawai in ƙona zuciyar uwarta. Ku bari ku ji yadda aka yi tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

A lokacin ni matar gida ce, shekaruna sun ɗan haura talatin, ba aiki, ba ɗa. Maigidana ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a Abuja. Shekarun nan ne da Abuja ke ta kumbura tana turo masu ƙaramin ƙarfi waje, daga cikin gari zuwa Nyanya, daga Nyanya zuwa Mararaba, har muka tsinci kanmu a Keffi, a wani gidan bene na haya ta wajen Sabon Gari. Mu muna ƙasa. Ana sallame asuba maigidana yake fita ya kama motar Abuja don ya riga gosulo, ba ya dawowa sai bayan isha'i, a gajiye liƙis. Saboda haka duk abin da zan faɗa da rana ya faru, ba a idonsa ba. Shi ya sa har yau yake ganin kamar ina ƙara wa labarin wahalar da na sha a gidan gishiri.

Daidai bisa kanmu wata mata ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Sana'arta sakwara da miyar agushi. Ba ta da shago, a falonta take sayarwa, ɗaliban jami'a da makanikai da 'yan acaɓa suna hawa su ci ko su saya a kula. Dakan ma a sama ake yi, a kicin ɗinta, kuma kicin ɗin nan yana kan ɗakin kwanana. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin turmi a gidan siminti ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ba kunne kaɗai ke ji ba. Gado yana amsawa, fanka tana rawa, ɓurɓushin fenti yana zubowa kan zanin gado. Ga shi sakwara ba ta son jira, da zafinta ake ci, don haka kaɗan-kaɗan ake dafa doyar ana dakawa. Sai a yi shiru har ka fara lumshe ido, sai ka ji dum. Haka ake yi daga hantsi har la'asar. A tsakani kuma ga rediyonta, ga muryarta da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, ga samari suna gardamar ƙwallo a kan matakala kamar gidan ubansu.

Na yi haƙuri da farko, don kowa neman na tuwo yake yi. Sai Allah ya ba ni ciki. Kafin wannan na yi ɓari sau biyu, dangin miji har sun fara yi mini irin gaisuwar nan da ido ke sauka kan ciki kafin ya hau fuska. Likita ya ce in kwanta, in huta sosai, in guji duk abin da zai tayar mini da hankali. Ranar da na dawo daga asibiti na lallaɓa na hau sama, na gaishe ta da ladabi, Mama nake ce mata don ta girme ni nesa ba kusa ba. Na faɗa mata halin da nake ciki, na roƙe ta ta sauko da turmin zuwa tsakar gida, ko da na watannin nan ne kawai. A bakin ƙofa ta tare ni, ko shigo ba ta ce mini ba. Ta yi dariya ta ce ciki ai ba ciwo ba ne, ita duk 'ya'yanta tana tsaye kan aiki ta haife su, matan yanzu ne da son jiki. Ta ce in ta sauko da turmi sakwara za ta huce kafin a kai ta sama, kwastomominta su gudu. Ta ƙara da cewa wanda ke son shiru ya gina nasa gidan.

Mai gidan a Abuja yake, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Ejan ɗinsa kuwa da na kai masa ƙara ya ce zai duba, washegari na gan shi yana saukowa daga sama yana sakace. Maigidana ya hau sau ɗaya ran Asabar, ta tarbe shi da fara'a, ta ba shi kujera, ta rantse za a rage, ya dawo yana ce mini matar ai tana da kirki, in daina sa abu a rai. Na koma kwana a falo, dakan ya bi ni. Na toshe kunne da auduga, sai na riƙa jin sa a ƙirji. Duk bugu ɗaya sai na dafe marata. A wata na huɗu cikin ya zube. Likita bai ce turmi ne ya jawo ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ni da na kwanta ƙarƙashinsa, babu mai cire mini wannan daga zuciya.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zuwanta yi mini sannu. Ta shigo da kula a hannu, ta ajiye a gabana, ta ce Allah ya mayar da alheri, in ci in samu ƙarfi. Na buɗe, sakwara ce. Ban san lokacin da na yi murmushi na ce na gode ba. Tana fita na juye ta a kwandon shara, na zauna na yi kukan da ko a asibiti ban yi irinsa ba. Washegari da hantsi aka ci gaba da daka. A ranar na yi wa kaina alkawari sai matar nan ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana, kuma ta wajen ɗa, kamar yadda nawa ya zo mini.

Na jima ina neman hanya. Na ƙure rediyona, ko a jikinta. Na daina amsa gaisuwarta, ba ta ma lura ba. Sai na canza salo, na koma yi mata fara'a, ina aika mata gishiri da magi in sun yanke mata, ina jira. Babbar 'yarta ce ke saukowa karɓa. Yarinya ce doguwa mai shiru-shiru, ta gama makarantar horon malamai tana jiran aiki, Anti take ce mini, ba ta iya haɗa ido da babba. Ba a daɗe ba labari ya bazu a gidan cewa ta samu miji, wani malamin makaranta ɗan garin Nasarawa, an ce mutumin kirki ne ɗan gidan mutunci. Uwar ta cika mana kunne, ko shanya take yi sai ta sako zancen surukinta.

Wata rana bayan azahar aka yi mini sallama. Wasu dattawan mata ne biyu, cikin manyan mayafai, suka ce baƙi ne, hanya ta biyo da su, ko zan ba su wuri su yi salla. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo ruwa. Tun daga yadda suke ɗaga ido suna kallon rufin ɗaki na gane ba salla kaɗai ta kawo su ba. Duk macen da ta tashi a ƙasar Hausa ta san wannan. In za a nemi aure, dangin namiji ba sa zuwa gidan yarinya su tambayi halinta, maƙwabta suke bi a ɓoye. Bayan sun idar muka taɓa hira, sai babbar ta ce ita gwaggon wani yaro ce da ke neman 'yar gidan sama, su daga nesa suke, ba su san kowa a nan ba, don Allah 'yata ki faɗa mana tsakani da Allah, yaya tarbiyyar yarinyar nan take.

Na san amsar gaskiya: ban taɓa ganin yarinyar da abin assha ba. Na kuma san cewa a wajen bincike ba zagi ne ke kashe aure ba. In ka zagi yarinya, za a ce kana da ƙullin gidan ne, a tafi wani wuri a tambaya. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya ƙi magana. Sai na sunkuyar da kai, na ja numfashi, na ɗan yi wasa da bakin zanena. Na ce ni ba na son shiga maganar mutane, aure kuma abin Allah ne, amma tunda sun ce tsakani da Allah, su dai ƙara bincike. Daidai nan wasu samari suka sauko daga sama suna shewa, ɗaya yana ƙwala wa yarinyar kira da sunanta. Matan suka kalli juna. Ƙaramar ta tambaye ni ko kullum haka maza ke shiga gidan. Na ce tun safe har yamma, kuma ban ce abinci suke zuwa saye ba. Suka yi godiya, suka sa mini albarka saboda riƙon amana, suka tafi.

Ba a yi wata ba aka aiko cewa an fasa, wai an duba an ga babu alheri a ciki. Ranar ba a yi daka ba. Na kwanta a gadona da rana tsaka na yi barcin da na daɗe ban yi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin raina. Da la'asar sai ga uwar ta sauko, ba ɗankwali, idanu sun kumbura. Wurina ta zo, ni da ta ɗauka aminiya. Ta zube a kan tabarma tana kuka tana cewa wani maƙiyi ya shiga tsakani, Allah ya isa tsakaninta da shi. Na kawo mata ruwa, na dafa kafaɗarta, na ce ta yi haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Da gangan na zaɓi kalmomin nan, ina kallon fuskarta ina jin sanyi.

Cikin kukan ne ta faɗi abin da ban sani ba. Ta ce ita shekara da shekaru rabonta da ɗaga taɓarya, kafaɗarta ta mutu tun bayan rasuwar mijinta, miya kawai take yi da zuba wa mutane. Yarinyar nan ce ke daka, ita kaɗai, tun tana sakandare, tafin hannunta duk kanta. Ta ce sun riga sun shirya da an ɗaura aure za ta bar sakwara gaba ɗaya, don babu mai daka mata, yaron ma ya yi alkawarin kama mata ɗan teburin kayan miya a kasuwa. Ta ce yarinyar ta sha roƙonta su sauko da turmin saboda Anti, har tsohon bargo take ninkawa ta sa a ƙarƙashinsa, ita ce ta hana don bargon yana sa turmi gocewa. Ta ce yanzu ga shi nan, sai su ci gaba, da me za su ci.

Suka ci gaba kuwa. Bayan kwana biyu turmi ya dawo, kuma mun ƙara shekaru a gidan kafin Allah ya hore mana muka tashi. Magana irin wannan ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Ta zaga unguwa cewa an bincika 'yar mai sakwara an fasa, babu wanda ya san dalili, kowa ya ƙirƙiro nasa. Wani ya zo neman aurenta daga baya, shi ma ya ji an taɓa fasawa, ya janye. Yarinyar ta ƙara shiru, ta rame, amma ba ta fasa saukowa ta durƙusa ta ce Anti ina kwana ba. Ni kuma ina kwance a ƙasa kullum, dakan da a da nake jin sa da fuskar uwar, yanzu na san hannun da ke yin sa.

Kada ku ɗauka na yafe wa uwar. Ban yafe ba. Ko yau na tuna dariyar da ta yi mini a bakin ƙofa, da kular nan da ta ajiye a gabana, sai raina ya sake ɓaci, kuma in aka ce in maimaita ganin hawayenta zan so. Abin da ke ci na shi ne ban same ta ita kaɗai ba, ta kan wata na bi, wadda ita ce kaɗai a gidan ta taɓa tunanin halin da nake ciki. Ban taɓa faɗa wa maigidana abin da na yi ba, ban kuma samu ƙarfin zuciyar komawa in faɗa wa dangin yaron gaskiya ba, har ya auri wata.

Ku masu sana'a a gidan haya, in maƙwabcinku ya tako ya roƙe ku, ku saurare shi, don ba ku san abin da yake ɗauke da shi ba, ba ku kuma san ranar da za a zo tambayarsa game da ku ba. Ku kuma 'yan'uwana mata, in baƙi suka shigo neman wurin salla suka ɓuge da tambayar 'yar maƙwabta, ku faɗi abin da kuka sani game da yarinyar, ku bar abin da ke tsakaninku da uwarta. Masu zuwa binciken ma, kada numfashin mutum ɗaya ya ishe ku. Bara na bi ta Keffi zuwa wani biki, na sa mai keke ya ratsa ta layin. Ban sauka ba, a bakin get muka ɗan tsaya. Daga nan nake jin turmin. Na tambayi wata mai kanti wa ke daka yanzu a gidan, ta ce ai babbar 'yar ce, har yau tana gida.