Yadda Na Gasa Tif Ɗin Taubashina

Laifina ne, ba ni da wanda zan jingina wa. Na faɗi haka tun farko don kada mai karatu ya wahala wajen neman mai gaskiya a labarin nan. Akwai masu gaskiya har biyu, amma ba na cikinsu.

Sana'ata faci. Tun ina saurayi nake zaune gindin wata bedi a bakin kwalta a Batsari, da famfona, da sholishon liƙa faci, da kwanon ruwan da nake tsoma tif in ga inda yake kumfa. Abin taƙamata shi ne facin wuta. In kankare wurin hujin, in ɗora ɗanyar roba, in danne da tsohon fistin na inji, in zuba masa kalanzir in kunna. Kafin wutar ta mutu roba ta kama roba. Masu babura daga Wagini da Karare sun san ni da wannan aiki, ni ma na san kaina da shi fiye da kima.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, malamin firamare da ya yi ritaya. Ya girme ni da kaɗan, amma ban taɓa kiransa da sunan girma ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, har yau ba a raba wannan gardama ba. Duk maganar da ta fito daga bakina zuwa kunnensa, kome muninta, wasa ce, babu mai riƙewa.

Da likita ya ce yana da suga, ya riƙa motsa jiki, sai babban ɗansa da ke aiki a Kaduna ya aiko masa da keken tsere. Kan keken a lanƙwashe kamar ƙahon rago, taya siririya kamar yatsa, ba kariya, ba inda za a ɗaura ko da kwano ɗaya na gero. Gari ya sha dariya. Malam bai kula ba. Kullum da hantsi za ka gan shi ya duƙa a kai, ya cusa ƙafar wando cikin safa, yana wuce jakuna kamar ana binsa. Kafin a ci gero tumbinsa ya koma ciki.

Ana nan matar ɗan nasa ta haihu a gidan iyayenta a Safana, haihuwar fari. Malam ya tsaya a majalisa bayan la'asar ya ce shi da ƙafafunsa zai je suna, a kan keken da ɗansa ya saya masa, don surukai su ga irin ɗan da ya haifa. Ranar jajibirin suna kuwa sai tsidau ya soki tayar baya.

Ya turo keken har gindin bedi.

"Bawana, tashi ka yi aikin da aka saye ka dominsa."

"Wa ya ce ka hau allura ka bi gona?" na ce.

Na zare tayar, na jawo tif. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba baƙi ba ne, launin ruwan lemo ne, ga shi shara-shara, in ka dunƙule shi zai ɓace a tafin hannu. Ba ya warin roba. Na ɗaga shi sama na ce wa masu zama wurina su zo su ga ledar zoɓo da aka sa wa bawul.

Malam ya zaro wata 'yar fakiti daga aljihu. "Yaron ya ce da wannan ake liƙe shi. A goge wurin, a manna, a danne da yatsa. Ya ce kada a kai shi kusa da wuta."

Na buɗe. Wasu 'yan falle-falle ne kamar filastar da ake manna wa yaro in ya yanke.

"Malam, kai ka koyar da yara baƙi da wasali, ni na koyar da roba ladabi. Je ka yi sallah, kafin ka dawo an gama."

Ya tafi masallaci. Kalmar nan ta "kada" ita ta tsaya mini a rai. Yaron da na yi wa facin ƙwallonsa yana da majina a hanci, shi ne zai aiko mini da doka daga Kaduna? Na cusa fakitin ƙarƙashin tabarma, na ɗora ɗanyar roba, na danne da fistin, na kunna.

Ban kai ga gyara zama ba na ji wani wari irin na bokitin roba da ya faɗa murhu. Na ɗaga fistin, tif ya biyo shi yana zare kamar alewa. Inda huji yake kamar bakin allura, yanzu jaki zai iya leƙawa. Masu zama wurina duk sun tafi sallah, Allah kaɗai ya gani. Na yanke wurin da ya narke da almakashi, na tura cikin yashi da ƙafa.

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba.

Da Malam ya dawo na miƙa masa abin da ya rage na tif ɗin. Na ce ina ba shi iska kawai ya tarwatse, jabu ne. Ya riƙa juya shi a hannu yana dubawa. Dubawar nan ta tsorata ni, sai na ƙara gishiri don in kawar da ido daga kaina.

"Ai ɗanka ya iya rabo. Surukinsa na Safana ya samu babur sabo, kai da ka haife shi ka samu ledar zoɓo."

Babur ɗin gaskiya ne, kowa ya sani, kuma ban taɓa jin Malam ya ambace shi ba. Na jira ya rama kamar kullum. Bai rama ba. Ya ce kawai in gwada sa masa irin tif ɗinmu. Na gwada. Namu ya yi kauri, bawul ɗinsa ma, wato bakin ba da iska, ya ƙi shiga ramin da ke jikin ƙarfen tayar. Na ce in ya yarda in faɗaɗa ramin da ƙusa, ya karɓe kekensa ya tura gida.

Washegari a bayan babur ɗina ya je Safana, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya. Muna isa 'yan majalisar da suka riga mu suka fara: "Malam, ina ƙafafun? Ko keken ya riga ka isowa?" Surukin kuma ya fito tarbarmu, babur ɗinsa na jingine a zaure yana ƙyalli.

Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, yaron ya zo ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, ina keken? Na ce wa kowa a kansa za ka zo."

"Ka tambayi inda ka sayo shi," in ji Malam. "Wata rana in za ka yi wa mutum abu, ka yi masa na gaske, ko ka bari."

A gaban surukansa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri. Ni ina gefe da tsokar rago a baki. Na yi ƙarfin hali na ce, ina dariya, "Kai Malam, ƙyale yaro, ni na gasa maka tif ɗin." Wuri ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce taubashi ke nan, ko a gidan suna sai ya tsokani ɗan'uwansa. Malam ya ce, "Bawa yana son ya rufa wa ɗansa asiri." Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na ce a raina ai na faɗa, su suka ƙi yarda.

Sati biyu keken na jingine a soro. Malam ya daina fita da hantsi, ya koma zama. Ran nan matarsa ta tsaya wurina a hanyarta ta zuwa barka, muka gaisa, ta ce yaron ya aiko da sabon tif ta hannun direba, amma Malam ya ƙi buɗe ledar. In yaron ya kira, gaisuwa biyu sai Malam ya miƙa mata wayar.

"Ni dai ban san me ya shiga tsakaninsu ba," ta ce. "Kai da kake jin cikinsa, ka bincika mini."

Na ce to. Ta wuce, na kasa ko ba taya iska.

Matsalata ita ce ban san da wane baki zan yi masa magana ya yarda ba. Shekara da shekaru na mayar da kowace kalma tsakaninmu wasa, yau ina neman guda ɗaya ta gaske na rasa. Na rufe akwatin aiki tun kafin azahar, na same shi a soro yana sauraren rediyo.

"Wa ya kwance bawa da rana tsaka?" ya ce.

Na tuɓe takalma a bakin ƙofa, na cire hula, na durƙusa a ƙasa gabansa, abin da ban taɓa yi masa ba tun da aka haife mu. Ya rage muryar rediyon.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Yaya," na ce. Bakina ya ji kalmar baƙuwa, shi ma na ga ya gyara zama. "Ba wasa na zo yi ba. Tif ɗin nan ba jabu ba ne. Ka ce kada in kai shi wuta, na kai, ya narke a hannuna, na binne shaidar a yashi. Maganar babur kuma na faɗe ta ne don kada ka dube ni. Yaron nan abu mai kyau ya saya maka, ni na sa ka kunyata shi gaban surukansa. Ka yafe mini don Allah. In ka yarda, kira shi yanzu ka ba ni wayar, shi ma in roƙe shi da bakina."