Molon da Ya Biyo Baba Har Madina

Mahaifinmu asuwaki yake sayarwa a bakin Harami. A unguwarmu an san shi da abu biyu: sahun farko da ƙin kiɗa. Ko lugude mata suka cika daɗaɗawa a turmi, sai ka ji ya yi gyaran murya daga ɗaki. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya mutu a Madina da sunansa fes, mutanen kirki su sallace shi, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ni a lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ni ke masa girki da wanki, kuma ina jin haushin tsananinsa ba kaɗan ba.

Yayana direba ne, yana jan babbar mota zuwa Yanbu a shekarun da ake ta gine-ginen matatar mai. Can ya saba da wani Ba'amurke mai surutu, har mutumin ya ba shi kaset. Wata la'asar ya shigo da rikoda a hammata yana washe baki, ya leƙa ɗakin Baba ya ga ba kowa.

"Ta'ali, zo ki ji waƙar ƙauyawan Amurka," in ji shi. "Kantiri suke ce mata."

Namiji ne ke waƙa ta hanci kamar mai mura, ga wani abu mai kukan goge, ga kuma wani kiɗa ƙwas-ƙwas yana gudu a ƙarƙashi. Na yi dariya na ce ashe Turawa ma suna da 'yan goge. Yaya ya gyara zama yana ba ni tarihi kamar shi ya haife su. Wai gogen Turawan kan duwatsu ne suka zo da shi daga ƙasashen kakanninsu, waƙar ta ɗebo daga coci da bakin makiyayan shanu. Mai ƙwas-ƙwas ɗin kuwa banjo ne, kuma wai baƙaƙen da aka kwasa daga wajenmu a jirgin ruwa su suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata.

"Da bayan farce yake bugawa," aka ce daga bakin ƙofa. "Babban yatsa kuma yana kama gajeriyar tsirkiya."

Baba ne, da daurin asuwakinsa a kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ta yi fari-fari kamar toka. Yaya ya kai hannu zai kashe, ya rasa maɓallin. Ni kuwa hannun Baba na dama nake kallo. Yana dukan cinyarsa daidai da kiɗan, farce ƙasa, babban yatsa ya biyo, ko sau ɗaya bai kuskure ba.

Ranar muka san wane ne mahaifinmu. Ya zauna a tabarma ya faɗa mana da murya ƙasa-ƙasa cewa a ƙasar Gobir shi makaɗin molo ne, kuma ba na biki ba, na 'yan bori. Shi ke kiran iskoki da kiɗa su hau mutane. Da ya tuba ya taho da ƙafa, ya fasa molon da dutse kafin ya hau jirgin ruwa a gaɓar Sudan.

"Na yi gabas don in guje masa," ya ce. "Ashe shi yamma ya yi. Ya zagayo duniya ya same ni a garin Manzo."

Yaya ya zare zaren kaset ɗin ya cusa a murhu, yana ta "khalas, Baba, khalas," wato ya ƙare. Amma hannun Baba bai ji khalas ba. Yana cin abinci ya motsa, yana zaune ya motsa. Sai ya riƙa danne shi a ƙarƙashin cinya.

Tsoro ya kama ni, kuma na san wanda nake tsoro. Bango ɗaya ya raba mu da wani dattijo mutumin Maraɗi, mai jan gemu da kaifin harshe. An ce shi ya kai ƙarar wasu mata da suka yi taron iskoki a bayan unguwa, aka zo aka kwashe su, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. A garin nan in aka liƙa maka kalmar sihiri, ba a tsayawa tambayar yaushe ka tuba. Kuma duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san bugun molo ko daga nesa ya hango. Na daina buɗe taga. In na ji takun takalminsa a lungu sai in ja ƙofar ɗakin Baba in rufe.

Bayan aikin hajjin shekarar Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya tafi. Na roƙi Allah, Ya yafe mini, na ce me ya sa ba na daman ba. Hannun ya samu sake, yana ta bugawa a kan katifa safe da rana. Masu dubiya kuwa ba a hana su. Kafin maza su shigo nakan naɗe hannun cikin bargo in cusa gefen a ƙarƙashin katifa, sannan in koma bayan labule in zuba ido ta wata 'yar ɓula.

Wata Juma'a bayan an sauko, dattijon ya shigo da limamin unguwa da wasu mutum biyu. Ya zauna a daman Baba, daidai inda ba na so. Ana cikin addu'a bargon ya zame. Hannun ya fito, farce ƙasa, babban yatsa ya biyo. Na kama labulen na ƙanƙame, ga ni kusa amma ba halin in fita cikin maza.

Dattijon ya kalli hannun. Ya daɗe yana kallo, har na ga leɓensa na motsi daidai da bugun. Na ce shi ke nan, tamu ta ƙare.

Sai ya zaro carbinsa daga aljihu, ya zura a tsakanin yatsun Baba. Farcen ya bugi ƙwaya, babban yatsa ya ja ta, wata ta biyo.

"Masha Allah," in ji liman. "Ku dubi bawan Allah, baki ya tafi amma hannu bai bar tasbihi ba."

Dattijon ya miƙe tare da sauran. Da za su fita ya tsaya a jikin labulen, bai juyo ba, ya ce, "'Yata, ki bar masa carbin. Kada ki cire ko za a yi masa wanka, sai ni na zo."

Da Baba ya rasu, shi ya wanke shi, shi ya shiga gaba da makara har Baƙi'a. Da ya dawo ya aiko mini da carbin, kuma har ya bar duniya ban tambaye shi yadda aka yi leɓensa ya haddace wannan kiɗa ba.