Ƙofar Ɗakin Inna a Cikin Kwamfutata

Shekarun baya, lokacin da nake ɗaukar bidiyon biki a Kaura Namoda, kwamfutar teburina ta koma tafiyar hawainiya. Sai in danna abu, in je in yi alwala in dawo, tana nan tana tunani. Na daure na sayi SSD guda biyu, ma'ajiyar nan mai sauri da ba ta kai tafin hannu ba. Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi, har kara ɗaya na yi a kunne ko zan ji abin da ke gudu a ciki. Shiru kake ji.

Abokina mai gyaran kwamfuta ya ce hanya biyu ce. Ko a haɗa su su riƙa raba kowane aiki biyu, gudu ya ƙaru, ko a mai da su tagwaye, duk abin da ɗaya ta ajiye ɗayar ta kwafa.

Na ce, "To in guda ta mutu fa?"

Ya ce, "In tagwaye na, ba ka rasa komi ba. In na gudu na, sai mu taho maka ta'aziyya."

Na ce sabon abu ina zai mutu, ni dai gudu nake so. Ya ce in je in yi shawara da zuciyata tukuna.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta yi sallama a shagona. Na taɓa ɗaukar bikin ɗanta a ƙauyensu, can gefen Zurmi. Rashin tsaro ya tashe su gaba ɗaya, faifan da na ba su ma a can aka baro shi. Ta roƙe ni in nuna mata bikin, sai na lalubo bidiyon a tsohuwar ma'ajiya na kunna mata. Ga ango ya sha babbar riga, amma ko kallo bai ishe ta ba. Abin ya ɗaure mini kai.

Can sai ta ce, "Ɗana, tsai da shi nan. Koma baya kaɗan."

Babu kowa a wurin sai katanga da akuya. Kuskure ne ma, kyamara ce ta zame mini.

"Inna, mi kika gani?"

"Ƙohwar ɗakina ta. Ga turmina can. Wanga icce kau, malam ya dasa shi da hannunai."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "Shina nan ciki, ba ya ɓacewa ko?"

Na ce in sha Allahu, amma na san a ma'ajiya ɗaya tak yake, in ta mutu shi ke nan.

Tana fita na rufe shago na nufi wurin abokina, na ce tagwaye za a yi. Ya yi ta dariya yana cewa ina sarkin gudun ya shiga.

Har yau abin na ba ni mamaki. Ni a zatona biki nake ajiyewa, ashe gidajen mutane ne a hannuna. Inna ta rasu tuni, Allah Ya ji ƙanta. Yanzu jikokinta da aka haifa a Kaura ne ke zuwa, su tsaya a bayana su ce in nuna musu gida.