Tabon da ke Tafin Hannun Baba Masawudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Fabrairu, 1996, cikin goman ƙarshe na azumi, Allah ya karɓi ran Malam Masawudu Jalo a asibiti a nan London, bayan jinyar kwana tara. Yana da shekara hamsin. Ya bar matarsa Hajiya Rukayatu da 'ya'ya uku.

Ba wanda ya sa ni wannan rubutu. Ni na je na sami masu buga takardar ƙungiyarmu na ce su ba ni shafi, ba don na fi kowa cancanta ba, sai don a gaban mutane na ci mutuncin mutumin nan, a gaban mutane kuma ya kamata in gyara.

Baba Masawudu, a 1988 ka tsince ni. Ina da shekara goma sha bakwai, makaranta ta kore ni, ina jin haushin kowa har da gajimaren garin nan. Kana tuƙa bas ɗin da ke bi ta Aldwych, ni kuma kullum ina kujerar baya ina karanta jaridun da fasinjoji suka yar. Ran nan ka ji na zagi wani da Hausa, sai ka ce, "Kai ɗan wane gida ne, baki kamar reza?" Kai ka kai ni laburare a Edmonton, kai ka sa hannu aka ba ni kati. Duk abin da na sani yau, ta ƙofar nan na shiga na ɗauko.

Kai ka koya mini tenis a filin hukumar unguwa mai yagaggiyar raga, kowace Lahadi. Sau uku ina buga raket da ƙasa don fushi. Sau uku kana ɗauka ka tafi da shi gidanka, ka sake masa zare da hannu, da basilla da guntun sanda, ka buga shi a tafinka kana sauraro kamar mai gyaran garaya. Abin da kawai kakan ce shi ne, "Badaru, raket bai zage ka ba." In za ka gyara mini riƙo, ina jin kaushin wani tabo da ya ratsa tafin hannunka na dama. Shekara bakwai ban taɓa tambayar asalinsa ba. Ni da nake ganin na fi kowa tambaya!

To, ga abin da na yi. A watan Satumban bara, a walimar suna a Peckham, talabijin na nuna gasar tenis ta kofin ƙasashe ta maza. Kana yi wa mutane bayani: wasa biyu ran Juma'a, na 'yan bibbiyu ran Asabar, biyu ran Lahadi. Sai ka ce, kamar yadda ka saba, "Lokacin da muka tafi da tawagar ƙasa..." Ni kuwa na zo da shirina. Mako guda kafin nan ka yi mini faɗa a filin tenis gaban abokaina, na ƙullace ka. Na je laburare, da katin da ka sa wa hannu, na samo littafin sakamakon gasar, na yi kwafinsa. Na miƙe tsaye na ce, "Baba, ga shi nan shekara bi shekara. Nuna mana sunanka, mu ma mu tafa."

Ka karɓa, ka sa tabarau, ka bi layi-layi da yatsa. Ka ce, "Gaskiyarka, babu." Ka ajiye shayinka ka yi sallama. Aka yi dariya, ni na fi kowa. Daga ranar samari suka laƙaba maka "Kyaftin", har a ƙofar masallaci. Ba ka sake zuwa fili ba. Ni kuma ban je gidanka ba. Ko da na ji kana asibiti, cewa na yi sai bayan Sallah.

Ran sadakar uku wani dattijo ya zo daga Birmingham, Mista Rwang Dung, mutumin Jos. Ya gama gaisuwa, ya dubi falo ya ce, "Wane ne mai littafin?" Kowa ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ɗana, ka ga R. Dung a takardarka?"

Na ce na gani.

Ya ce, "Gurbin Masawudu ne."

Ga abin da ya faɗa mana. Ku huɗu aka zaɓa, Baba, kuka tafi wata ƙasa. Kai aka sa a wasan Asabar, shi Rwang ɗan jiran ko-ta-kwana ne. Akwatin da ke ɗauke da injin ɗaure zare ya ɓace a hanya, zafi da jar ƙasar filin kuma suka tsittsinka zaren raket ɗinku tun ran Juma'a. Kai kaɗai ka iya ɗauri da hannu. Ka zauna ka ɗaure tara. A na bakwai zare ya yanka maka tafi har nama, ka naɗe da tsumma ka ƙarasa. Da safe hannu ya kumbura, ko cokali ba ya riƙewa. Rwang ya shiga da raket ɗin da jininka ya ɓata wa mariƙi. Littafi kuwa wanda ya shiga fili kaɗai yake rubutawa. Ba a sake kiranka ba.

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?" Har a lokacin da tsawa na yi maganar, Allah ya shirye ni.

Hajiya ce ta amsa daga ƙofar kicin. "Na tambaye shi. Ya ce layi ɗaya Rwang ke da shi a littafin duniya, ba zai sa a ce cike gurbi ya yi ba don kawai ya ka da yaro a gardama." Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon raket ɗina da na bari a motarka, an ɗaura masa sabon zare. "Tun Janairu ya ɗaure. Ya ce za ka zo in ka huce."

Ban huce da wuri ba, Baba. Na yarda da takarda, na ƙaryata hannun da ya riƙe nawa. Ba na neman kowa ya ce mini ƙuruciya ce. Shekarata ashirin da huɗu, na san abin da nake yi, daɗinsa ma na ji.

Ku da kuka yi dariya a Peckham, ku da kuka kira shi Kyaftin, daga bakina kuka ɗauka, ku dawo mini da abina. Malam Masawudu bai yi ƙarya ba. Ya tafi da tawagar ƙasa, Mista Rwang ya ce in rubuta sunansa a matsayin shaida.

Hajiya Rukayatu, Mahamudu, Anatu, Jamilatu, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma roƙonku gafarar da na makara ban roƙi mai ita ba. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ya Allah, abin da harshena ya ɗebe masa a duniya, ka mayar masa ninki a mizani. Amin.

Badaru Isma'ila
Edmonton